Zanen Dusar Ƙanƙara da Fentin Mai: Fari Shi Ne Na Ƙarshe

Duk ɗalibin da aka ajiye wa hoton birnin Amstadam na ƙasar Holan a lokacin hunturu, aka ce ya zana shi da fentin mai, farin fenti hannunsa ke fara kai wa. Mai wannan rubutu, wanda koyar da zane ce sana'arsa, ya sha ganin haka. Ɗalibi zai lafta fari a kan gada da rufin gidaje da bakin ruwa, daga ƙarshe zanen ya fito ba zurfi, ba sanyi, ba a gane tudu balle kwari.

Dusar ƙanƙara launin abin da ke kewaye da ita take ɗauka. A dubi farar babbar riga a rana: inda hasken ya bugi yadin ne kaɗai yake fari fat, amma cikin ninkin akwai shuɗi-shuɗi da ruwan toka. Claude Monet na Faransa ya nuna haka a zanensa na tsuntsu a kan ƙofar shinge cikin ƙanƙara, inda ya yi inuwa da shuɗi maimakon baƙi. Alƙalan baje kolin Faris sun ƙi karɓar zanen a 1869, yau kuwa yana gidan tarihi na Orsay.

A cikin gari ma abin ya fi haka. George Hendrik Breitner, wanda ya rasu a 1923, ya zana gadar da ta ratsa ruwan Singel a Amstadam, zanen yana Rijksmuseum. Ƙanƙarar da ke kan gadar ta sha taku, ta koma toka-toka da ratsin ruwan ƙasa. Wannan daƙwalewar ce ke sa mai kallo ya yarda cewa mutane na bin hanyar.

Shi ya sa ake sa ɗalibi ya fara rufe ƙyallen zane gaba ɗaya da ruwan toka ko ruwan ƙasa mai tsarwa-tsarwa. Sai ya sa wuraren duhu: ƙarƙashin gada, gindin bishiyoyi, da ruwan kansa, wanda ya fi komai duhu a irin wannan rana. Inuwar gidaje a cikin ruwa ana jan ta da burushi daga sama zuwa ƙasa, sannan a ɗauki busasshen burushi a ratsa ta a kwance, a hankali, sau ɗaya ko biyu. Abu mai haske yakan ɗan dushe a ruwa, mai duhu kuma ya ɗan washe. Gidajen nesa a sassauta launinsu, kada a fitar da tagoginsu.

Tsantsar fari sai a ƙarshe, da kauri, a wurare kaɗan: bayan ƙarfen gada, gefen jirgin ruwan da aka ɗaure. Shafin farko ba a yawaita masa mai, na sama ne ake ƙara wa, in ba haka ba zanen ya tsattsage bayan ya bushe.

Akwai haɗarin da ba a cika faɗa wa masu koyo ba. Farin dalma, wanda masu zane na zamanin baya suka yi amfani da shi, guba ne. Mai koyo ya tsaya ga farin taitaniyam, kuma ya wanke hannu kafin ya ci abinci. A buɗe tagogi idan ana tsarma fenti. Tsumman da ya jiƙe da man linsid, wato man da ake haɗa fenti da shi, idan aka dunƙule shi aka jefa a kwali, yana iya ɗaukar zafi ya kama da wuta da kansa. A baza shi a waje ya bushe, ko a tsoma shi cikin gwangwanin ruwa mai murfi.