DARASIN LAFIYA: Gocewar Kwatangwalon Jariri

A ziyarce-ziyarcenmu cikin ikkilisiyoyin Sanyinna da ƙauyukan Tambuwal da Kebbe, mukan ga yara masu ɗingishi, sai a ce shan inna ne. Ba kullum ba. Tun a 2020 aka tabbatar an kawar da ƙwayar shan inna ta asali daga Nijeriya. Wani ɗingishin daga kwatangwalo yake, kuma yana da magani idan an gane da wuri.

Mene ne wannan ciwo?

Kan ƙashin cinya zagaye yake, yana zaune cikin gurbi mai kama da ƙoƙo. A jariri yawancin gurbin guringuntsi ne mai taushi, kuma ba ya yin zurfi sai kan ƙashin yana zaune daram a cikinsa. Akwai jariran da ake haifa da gurbi marar zurfi, ko kan ƙashin ya goce ya fita. An fi samun haka ga 'ya'ya mata, da ɗan fari, da wanda ya zo a zaune, da gidan da wani ya taɓa yi.

Abin da jinkiri ke jawowa

Idan ƙashin ya daɗe a waje, gaɓar tana canjawa wata bayan wata. Kitse yakan cika gurbin. Leɓen gurbin yakan lanƙwashe ciki ya tare hanya. Jijiyar da ke riƙe kan ƙashin takan yi tsawo da kauri, jakar gaɓar ta tsuke a tsakiya, naman cinya kuma ya ɗaure. Kamar gidan da mai shi ya daɗe bai shiga ba ne, har ƙofa ta cije. Saboda haka magani ya dangana ga shekarun yaro:

1. Ƙasa da wata 6: ana sa masa ɗamara mai taushi, wadda likita Pavlik ya ƙirƙiro, ta riƙe ƙafafu a buɗe na makonni. Kusan 9 cikin 10 suna warkewa idan an fara da wuri.
2. Wata 6 zuwa 18: a sa shi barci a asibiti, a mai da ƙashin, a sa siminti na wajen wata 3.
3. Bayan wata 18: yawanci sai tiyata, wani lokaci har da gyaran ƙashi. Kuɗi da wahala sun fi yawa.

Wanda aka bari yakan girma da ɗingishi da gajeriyar ƙafa, ciwon gaɓa kuma ya kama shi tun yana da ƙuruciya.

Alamun da za mu duba

Jaririn ba ya jin zafi, ba ya kuka, shi ya sa ake makara. Lokacin wanka, uwa ko kaka ta lura: cinya ɗaya ba ta buɗewa kamar ɗayar? In an kwantar da shi rigingine an lanƙwasa gwiwoyi, ɗaya ta fi ɗaya tsawo? Ninkin naman cinya ya bambanta? In ya fara tafiya, yana ɗingishi ko rangaji?

Idan an ga haka, kada a ja ƙafar, kada a kai wa maɗori. Wannan ba karaya ba ce, kuma matsa shi da ƙarfi na iya toshe jinin da ke ciyar da kan ƙashin. A fara da asibiti mafi kusa, kamar Babban Asibitin Tambuwal, a nemi takardar turawa. Akwai likitocin ƙashi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Asibitin Ƙashi na Wamakko, da na Dala a Kano.

Goyo albarka ne

Mu gode wa Allah domin al'adar iyayenmu mata. Goyo yana buɗe cinyoyin jariri kamar na kwaɗo, zaman da gurbin ke so ke nan. A Japan, inda a dā ake naɗe jarirai ƙafafu a miƙe, an yi gangamin hana haka a 1975, ciwon kuwa ya ragu ƙwarai. Mu ci gaba da goyo, kada mu ɗaure ƙafafun jariri a miƙe.

Domin tattaunawa

A karanta 2 Sama'ila sura 9, labarin Mefiboshet gurgu, wanda Dawuda ya nemo ya zaunar a teburinsa.

1. Wane ne ya fara neman wani, Dawuda ko Mefiboshet? Me wannan ke koya mana?
2. Yara nawa masu ɗingishi ne a unguwarmu da ba a taɓa dubawa ba?
3. Yaya zumuntar mata da dattawa za su taimaka da kuɗin mota zuwa Sakkwato?

Muna roƙon kowace zumuntar mata ta zaɓi mata biyu su yi wannan darasi da ungozomomi da masu jego, na ikkilisiya da na maƙwabta duka. Mu rufe da addu'a domin yaranmu da masu jinyarsu. Ubangiji ya taimake mu. Amin.