Muhimmancin Gwajin Ma'adinai

Duk wanda ya san kasuwar Illela ya san mai sayen gero ba ya yarda da saman buhu. Sai ya tura hannu har ciki, ya ɗebo ya duba. To, haka masu haƙar ma'adinai suke yi wa ƙasa kafin su zuba kuɗinsu, don gudun cinikin biri a sama.

Bari mu ɗauki zinariya misali. Da farko akan huda ƙasa da inji, a zaro dutse daga wurare dabam-dabam. Wannan shi ne samfur. A ɗakin gwaje-gwaje sai a niƙe shi lukui, a ɗebi giram 30 ko 50, a haɗa da sinadarin dalma, a narka a wuta mai zafin da ya wuce digiri 1,000. Dalmar takan tattara zinariyar da ke ciki. Daga nan a sake ƙona ta cikin ɗan kasko mai shanye dalma, a raba abin da ya rage da azurfa, a auna. Haka ake sanin giram nawa ke cikin tan guda na dutse.

Amma shi kansa gwajin sai an gwada shi, ba tare da mai gwajin ya sani ba. Na ɗaya, akan cusa masa dutsen da babu zinariya a cikinsa. In ya ce ya samu, to kayan aikinsa ba su wanku ba. Na biyu, a raba samfur ɗaya gida biyu, kowanne da lambarsa, a ga ko amsa za ta zo ɗaya. Na uku, a ba shi garin dutsen da aka riga aka san yawan zinariyarsa. Na huɗu, a kira waɗansu masana dabam su huda nasu ramin.

Wannan na huɗun ne ya tona asirin kamfanin Bre-X na Kanada a 1997. Kamfanin ya ce ya gano zinariya mai ɗimbin yawa a Busang, ƙasar Indonesiya. Ashe barbaɗa ta ake yi a kan samfur. Mutane da yawa suka yi hasarar dukiyarsu.

Hasarar da ta fi wannan ciwo ta faru nan kusa da mu. A 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, mutane sun riƙa niƙa dutsen zinariya cikin gidajensu, ba su san yana cike da dalma ba. Ƙurar ta hallaka yara fiye da 400. Gwajin ƙwarai yakan nuna dukiyar da ke cikin dutse, ya kuma nuna gubar da ke tare da ita.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai mu dage da darasin kimiyya, iyayenmu kuma su ƙarfafa mana gwiwa. Ƙasarmu tana bukatar masu gwaji masu ilmi da riƙon amana. Allah ya sa mu dace, amin.