Filin Shawara: Turancin Ido da Turancin Kunne

Wasiƙun wannan mako duk daga Gurda suka zo, unguwar nan ta Sabha da ke kudancin Libiya, inda 'yan'uwanmu na Nijar da Najeriya suke zaune da yawa.

Gwaggo, barka da aiki. Ni ɗan Zariya ne, ina aiki a wani shagon magani a nan Gurda. Na gama makarantar koyon aikin lafiya a gida, ina kuma da kiredit a Turanci a WAEC. Burina in zauna jarrabawar IELTS don in nemi gurbin ƙaro karatu. Na sauke tambayoyin gwaji na auna kaina. A karatu na ci 28 cikin 40, a sauraro kuwa 15 kacal. Da Baturen ya buɗe baki sai in ji kamar ruwan sama ke sauka a kan kwano. Abin da ya fi ƙona min rai, da na duba rubutaccen abin da ya faɗa, babu kalmar da ban sani ba. Kunnena ne ke da matsala, ko dama can ban iya Turancin ba?

Ɗana, barka kadai. Kunnenka lafiya lau, Turanci kuma ka iya shi, in ba haka ba da ba ka ci 28 ba. Abin da ya faru shi ne tun daga firamare har ka gama makaranta ba a taɓa jarraba kunnenka ba. Ka tuna takarda ta uku ta Turanci a WAEC, wadda ake cewa ta furuci. A Najeriya da alƙalami ake yin ta: a ba ka kalma, ka zaɓi wadda sautinta ya dace cikin guda huɗu, ɗaki shiru. A Ghana da Gambiya da Saliyo ne ake kunna murya ɗalibai su saurara. JAMB ma da ido ake cin ta. Ga shi yanzu wuninka gaba ɗaya da Larabci da Hausa kake yin sa, Turancin da ke gabanka shi ne na jikin kwalin magani. To ina kunne zai samu horo?

Sai ka fara sanin abin da za ka tarar. Sashen sauraro kashi huɗu ne, tambaya 40, kimanin minti 30, kuma sau ɗaya tak ake kunna muryar. Kashi na farko hirar mutum biyu ce kan al'amarin yau da kullum, kamar neman ɗakin haya, inda za a faɗi suna harafi-harafi da lambar waya. Na biyu mutum ɗaya ne ke bayani. Na uku tattaunawar ɗalibai ce, wani lokaci da malaminsu. Na huɗu lacca ce irin ta jami'a. Muryoyin ba na Ingila kaɗai ba ne, akwai na Ostareliya da Niyuzilan da Amurka. Bisa ƙiyasin da masu jarrabawar ke bayarwa, amsa 16 daidai na kai mutum mataki na 5, amsa 23 na 6, amsa 30 na 7. Jami'o'i da yawa 6 ko 6.5 suke nema. Ke nan amsa takwas zuwa goma sha ɗaya kake buƙatar ƙarawa, kuma wannan abu ne mai yiwuwa.

Kada ka ci gaba da jera gwaji bayan gwaji kana ƙirga maki, gwaji aunawa yake yi, ba ya koyarwa. Koma kan tambaya 25 ɗin da ka faɗi, ka raba su gida uku. Akwai wadda kalmar ce ba ka sani ba. Akwai wadda ka san kalmar amma ba ka gane ta a bakin mai magana ba. Akwai kuma wadda ka ji sarai, amma ka makara wajen rubutu, ko ka ɓata harafi, ko ka rubuta kalma uku inda aka ce kada a wuce biyu. Bisa abin da ka faɗa, gida na biyu ne zai cika.

Maganinsa shifta, irin wadda aka yi mana a aji uku. Nemi shirin BBC mai suna 6 Minute English, yana zuwa da rubutunsa. Ware minti ɗaya kawai. Saurara, ka rubuta duk abin da ka ji kalma bayan kalma, ka maimaita sau uku, sannan ka buɗe rubutun ka kwatanta da jan biro. Za ka ga manyan kalmomi ba su cika kuɓuce maka ba. Ƙananan ne ke ɓacewa, irin su *of* da *to* da *have* da *can*, domin Bature haɗiye su yake yi, ya kuma liƙa ƙarshen kalma da farkon ta gaba. Mu kuwa an koya mana furta kowace kalma ita kaɗai da cikakken ƙarfinta, shi ya sa kunne ke jiran abin da ba zai zo ba. Bayan ka gyara, sake kunnawa kana bin mai maganar da bakinka. Abin da baki ya saba furtawa kunne ba ya wahalar kama shi.

Sai kuma inda Hausa ke yi mana shigo-shigo. Harshenmu bai raba *p* da *f* ba, don haka *pull* da *full* suna iya zame maka abu ɗaya, haka *vote* da *boat*. Lambobi kuma su ne babban tarko. Kai da ke shagon magani ba sai na gaya maka tazarar da ke tsakanin miligiram 15 da 50 ba, amma a Turanci bambancin *fifteen* da *fifty* ɗan ƙarfin murya ne da wata 'yar *n* a ƙarshe. Sa abokinka ya riƙa karanto maka lambobi da haruffa kana rubutawa, musamman A da E da I, da G da J. Ka kuma lura da mai magana da zai ce taron ranar Talata ne, can ya ce a'a, an mayar da shi Alhamis. Da gangan aka shirya hakan. Wanda ya rubuta Talata ya ɗauke hankali ya faɗi.

Na san halin wuta da intanet a Sabha. Duk lokacin da hanya ta buɗe, sauke shirye-shirye da yawa ka adana a waya. Rabin awa bayan sallar asuba, kafin a buɗe shago, kullum ba fashi, ya fi wuni guda a ranar Juma'a. Fim mai rubutu a ƙasa kuwa kada ka lissafa shi cikin horo, ido ne zai ƙwace aikin.

Karatunka yana tsakanin mataki na 6 da na 7, amma ina da tambaya: da agogo ka yi shi? Minti 60 ne ga dogayen nassoshi uku da tambaya 40, ba a ƙara ko minti ɗaya. Inda mutane suka fi zubar da maki shi ne tambayoyin gaskiya, ƙarya, ko ba a faɗa ba. Misali, nassi ya ce an haƙa rijiyar garin tun zamanin kakanni. Tambaya ta ce ita ce rijiya mafi zurfi a garin. Amsa ita ce ba a faɗa ba, ko da kai ka san hakan gaskiya ne. In aka kawo nassi kan cuta ko magani, nan ne iliminka zai so ya yaudare ka. Abin da ke kan takarda ake tambaya. Kada kuma ka bar gurbi, ba a cire maki don kuskure.

Kada ka biya ko dinari ɗaya sai ka ci makin da kake nema sau uku a jere, a gwajin da ba ka taɓa gani ba, da agogo, ba tsayarwa ba maimaitawa. Sakamakon shekara biyu ake karɓarsa, don haka yin ta da wuri asara ce. Takardar shaidar da ka yi rajista da ita, da ita za ka shiga ɗaki, saboda haka duba fasfonka bai mutu ba. In Turabulus za ka, tafiyar ta haura kilomita 700 da shingayen bincike a hanya, ka tabbatar iƙamarka, wato takardar izinin zama, na nan daram kafin ka hau mota. Tun kafin wannan duka, rubuta wa makarantar da kake so ka tambaye ta. Akwai jami'o'in Ingila da ke karɓar kiredit ɗin WAEC a madadin IELTS, wataƙila kuɗin nan ma ya zauna a aljihunka. Ko da hakan ta samu, kada ka bar shiftar, domin lacca da kunne ake ɗaukarta.

Gwaggo, ina wuni. Ni 'yar Maraɗi ce, aure ya kawo ni Gurda. Ɗiyata shekararta goma sha ɗaya, tana makarantar Larabci a nan. In ta ɗauki littafin Ingilishi tana karantawa tar-tar, har maƙwabta na yabawa, makinta ma na da kyau. Amma ran nan na ce ta gaya min labarin me ta karanta, ta yi tsuru-tsuru. Ni Faransanci na yi a makaranta, Ingilishina kaɗan ne. Yaya zan gane ko tana fahimta? Muna da niyyar komawa gida in Allah ya yarda.

'Yata, lafiya lau. Kin riga kin yi mata jarrabawa mafi inganci ba tare da kin sani ba. Yaro ya rufe littafi ya ba da labarin da harshensa, wannan shi ne auna fahimta na gaskiya, kuma ba sai kin iya Ingilishi ba. Bar ta ta faɗa da Hausa ko da Larabci. Fahimta kike aunawa a nan, iya magana wani aikin ne daban.

Kada ki yi mata faɗa. Yaranmu sun tashi da hadda, suna da kunnen kama sauti da ƙwaƙwalwar riƙewa, wannan baiwa ce babba. Sai dai ita ce ke sa yaro ya iya karanta shafi sumul alhali bai san me ke ciki ba. Tambayoyin ƙarshen darasi ma sau da yawa suna ɓoye matsalar: yaro ya nemo jimlar da ke da kalmomin tambayar, ya kwafe ta, malami ya ba shi maki. Malaman su ma ban ɗora masu laifi duka ba. A 1986, shekarar da Amurka ta kai hari Turabulus da Bangazi, gwamnatin Gaddafi ta cire Ingilishi daga makarantu, sai a shekarun 1990 ya dawo. Tsara guda ta tashi babu shi, kuma irin wannan giɓi yana daɗewa bai cike ba.

Fara da duba ko littafin bai fi ƙarfinta ba. Binciken Paul Nation, masanin koyar da kalmomi na Niyuzilan, da abokiyar aikinsa a shekarar 2000 ya nuna mai karatu na buƙatar sanin kusan kalma 98 cikin 100 kafin ya fahimci labari shi kaɗai cikin sauƙi. Ƙirga mata kalma ɗari, ta ja layi a ƙarƙashin duk wadda ba ta sani ba. In sun haura biyu, nemo mata mai sauƙi, ko da na ajin baya ne. Daga nan ta karanta a zuci, ba da murya ba, ta rufe, ki tambaye ta: wa ya yi me, don me ya yi, me ya biyo baya, da ita ce me za ta yi? Tambayar "don me" ba a kwafo amsarta.

Kunne kuma da umarni ake gwada shi. Da ɗan Ingilishin naki, ko da taimakon wani babba a gidan, a ce ta ɗauko cokali biyu ta sa a ƙarƙashin faranti, ko ta zana gida da bishiya a hagunsa. In ta yi daidai ta ji. Shafin British Council na yara yana da gajerun labarai masu murya kyauta, ki sauke mata.

Tunda gida za ku koma, wahalar ba za ta faɗi ƙasa banza ba. Kundin da hukumomin Nijar suka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Faransancin da kike da shi, ki fara zuba mata shi tun yanzu, don shi za ta fara tararwa a aji.

Gwaggo, wani a WhatsApp ya ce zai samar min takardar IELTS mai mataki na 7 ba tare da na zauna ba, wai yana da mutum a ciki. Rabin kuɗi yanzu, rabi in ta fito. In yarda?

Ɗana, kul. Kowace takardar sakamako tana da lambarta, kuma jami'o'i da ofisoshin biza suna duba lambar kai tsaye a rumbun masu jarrabawar. A ranar jarrabawa ake ɗaukar hoton mutum a cibiyar, shi ne ke fitowa a jikin takardar. Mai yi maka alkawari ko dai ya karɓi rabin ya kashe waya, ko ya turo maka takardar da za ta ja maka hani. Ingila, alal misali, tana iya hana wanda ta kama da takardar bogi biza har shekara goma. Kai ka san zafin da ka sha kafin ka tara kuɗin nan a Sabha. Toshe lambarsa yau, ka karanta amsar da na bai wa ɗan'uwanka na Zariya, ka yi gwaji ɗaya da agogo, sannan ka rubuto min nawa ka ci a kowane sashe.