Gawo da Ƙudan Zuma a Ƙasar Daura

Sau da yawa mai lambu yakan ga kabewarsa ko kankanarsa ta yi fure tuli, amma 'ya'yan su kaɗe tun suna ƙanana. Dalili shi ne waɗannan shuke-shuke furensu iri biyu ne, namiji da tamace, kuma ba su ƙulla ɗa sai ƙudan zuma ya ɗauki garin fure daga wannan ya kai wa wancan. In babu ƙuda, wahalar ban ruwa ta tashi a banza.

To, ƙudan zuma ba ya zama inda babu abinci. Bayan kaka, in ciyawa ta bushe, fure yakan yi wuya. A nan ne amfanin gawo yake. Shi gawo dabam yake da sauran itatuwa: yakan zubar da ganye da damina, ya tofo da kaka, sa'an nan ya yi fure a farkon rani, daidai lokacin da ake soma aikin lambu. Ga shi kuma ba ya tsare wa gero rana, ganyensa taki ne, 'ya'yansa abincin dabbobi ne.

Magabata sun san haka. A ƙarni na 19 sarakunan Damagaram sun kafa doka mai tsanani a kan saran gawo. Tun daga wajen 1984 kuma manoman Maraɗi suka kama renon tohon itatuwa a gonakinsu, abin da suke kira sassaben zamani.

Ga yadda ake shuka shi:

1. A tara busassun 'ya'ya da rani, a fid da ƙwayar.
2. Ɓawonta tauri gare shi, sai a ɗan kankare gefe guda, a jiƙa ta kwana ɗaya.
3. A rene ta a leda wata 3 zuwa 4, a dasa in damina ta zauna, tazarar mita 10.
4. A kewaye dashen da ƙaya saboda awaki.

Sai ya kai wajen shekara 7 yake soma fure, don haka wanda ya tsiro da kansa a gona kada a sassabe shi.

Ana roƙon Hakimai, daga Zango da Ɓaure har Sandamu da Mai'aduwa, su gargaɗi dagatai da masu unguwa a kan sassaƙe rassan gawo yana cikin fure, da fesa maganin ƙwari da hantsi, sa'ad da ƙuda ke kiwo. Malaman Hakimai kuma su riƙa rubuta yawan abin da aka dasa, da wanda ya rayu bayan rani.