Kifi da ciwon baki

Ciwon baki ba baƙo ba ne a Arewa. Daga Dogon Dutsi zuwa Matankari, daga Tibiri zuwa Kore Mai Ruwa, uwaye sun san shi. Wani ɗan ƙurji ne mai fari a tsakiya, da ja a gefe. Yana fitowa a leɓe, ko a harshe, ko cikin kumatu. Yaro ya ƙi tuwo, ya ƙi fura, ya yi ta kuka.

Me ke kawo shi?

Wani lokaci cizon harshe ne, ko abinci mai zafi. Wani lokaci zazzaɓi ne, ko ƙyanda. Rashin abinci mai gina jiki shi ma yana kawo shi. Jikin da ke ƙarancin nono, da ƙwai, da kifi, da ganye, gefen bakinsa yana tsagewa, kuma miki yana daɗewa bai warke ba. Ƙurji na yau da kullum yana warkewa da kansa cikin kwana 7 zuwa 14.

Abin da masana suka gani a jikin kifi

A ƙasashen Indonesiya da Malesiya akwai wani kifin tabki mai kai irin na maciji. Tun kaka da kakanni ana dafa shi a ba mai jego, da wanda aka yi ma aiki a likita, don miki ya haɗe da wuri. Masana sun bincika. Sun tarar namansa yana da abin gina tsoka da yawa, da mai mai kyau. Sai suka tatso waɗannan abubuwa, suka yi maganin shafawa. Sun gwada shi a bakin ɓeraye masu miki, kuma mikin ya haɗe da sauri. Amma gwajin ɓera mataki ne na farko. Sai an gwada magani ga mutane da yawa kafin a yarda da shi.

A ƙasar Barazil kuma, a birnin Fortaleza, tun 2016 likitoci suka fara rufe ƙunar wuta da fatar karfasa. Kafin a sa ta, ana tsabtace ta da magunguna a ɗakin bincike, har ƙwayoyin cuta su mutu.

Hattara

Wannan aikin masana ne. Kada a shafa ɗanyen kifi, ko ruwansa, ko fatarsa a kan miki. Kifin tabki yana ɗauke da ƙwayoyin cuta. Kada a sa toka, ko taba, ko ruwan batir. A gida, hanyar samun amfanin kifi ita ce tukunya. A dafa shi sosai. Busasshen kifi na kasuwa, a wanke shi, a cire ƙaya, a daka shi, a zuba cikin miyar kuka ko cikin kunun yaro. Nono, da wake, da gyaɗa, da zogale su ma suna gina jiki.

In ƙurji ya fito

1. A tafasa ruwa, a bari ya huce. A sa rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin kofi guda.
2. Babba ya kurkure baki da shi bayan cin abinci, ya tofar.
3. Ƙaramin yaro, uwa ta wanke hannu da sabulu, ta goge masa baki a hankali da tsumma mai tsabta.
4. A ba da abinci mai laushi. A rage yaji da tsami.
5. Kada a daina ba jariri nono.

Yaushe za a tafi likita?

In ƙurji ya wuce sati 2 bai warke ba, a tafi. In yaro yana zubar da jini a dasashi, bakinsa yana wari, kumatunsa ya kumbura, a tafi ranar nan. Wannan yana iya zama noma, cutar da ke cinye fuska cikin ƴan kwanaki. Ta fi kama yara masu shekara 2 zuwa 6 waɗanda tamowa ko ƙyanda ta raunana. In ba magani, kusan yara 9 cikin 10 suna mutuwa. In an zo da wuri, maganin likita yana tsai da ita. A Sakkwato akwai asibitin noma tun 1999. A watan Disamba na 2023, Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su.

Uwa ta duba bakin ɗanta a kai a kai. Uba ya kai shi allurar ƙyanda. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi don ajin yaƙi da jahilci

1. Don me ba a shafa ɗanyen kifi a kan miki?
2. Waɗanne alamu 3 ne ke sa a tafi likita ranar nan?
3. Wane abinci mai gina jiki ake samu a kasuwar garinku?