MA'ANAR RAYA SUNNA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Mai rayawa, Mai kashewa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku samari, kalmar "raya" ta yi yawa a bakunan mutane. Wannan ya ce raya Sunna, wancan ya ce raya al'ada, hukuma ta ce raya karkara. To, tun da kowa yana ja, wajibi ne mu san abin da kalmar take nufi, kada mu riƙa kiran aikin da ba mu yi ba.

A Larabci ana cewa ihya'u, watau rayawa. Rayawa ta haƙiƙa, mayar da rai cikin gawa, ta Allah ce Shi kaɗai. Ku duba Suratul Baƙara, aya ta 258, inda wani sarki ya yi jayayya da Annabi Ibrahimu (A.S.), ya ce wai shi ma yana rayawa yana kashewa. Malaman tafsiri sun ce Namarudu ne, kuma mutum biyu ya sa aka kawo, ya kashe ɗaya ya saki ɗaya, ya kira sakin nan rayawa. Kun ga wasa da kalma ba yau aka fara shi ba.

Mu 'yan Adam iyakarmu abin da Bahaushe yake kira farfaɗo da abu. Wanda ya suma aka yayyafa masa ruwa ya farfaɗo, ai da ma da sauran ransa. Haka garwashin da toka ta rufe, hurawa kawai yake jira. Ba banza ba Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya sa wa littafinsa na 1793 suna Ihya'us Sunna wa Ikhmadul Bidi'a, domin ikhmadu a Larabci kashe wuta ne. A hura ɗaya, a kashe ɗaya.

Akwai kuma tajdidi, sabuntawa. Abu Dawuda ya ruwaito daga Abu Huraira hadisin da ma'anarsa ita ce Allah Yana tayar wa al'ummar nan, a kan kowace shekara ɗari, wanda zai sabunta mata addininta. Malamai sun lissafa Umaru ɗan Abdul'azizu, wanda ya rasu shekara ta 101 bayan Hijira, da Imamu Shafi'i wanda ya rasu 204. A ƙasar nan kuwa Shehu muke kira Mujaddadi. Amma me mujaddadi yake sabuntawa? Addinin ne ya tsufa? A'a. Duk ɗan ƙauyen Dutse ko Kiyawa ko Jahun ya san yasar rijiya. Rijiya ta cushe, yashi da karmami da tsumman guga sun toshe idonta, sai a ɗaura wa mutum igiya ya shiga ya yi ta kwasa har ruwa ya ɓulɓulo. Bai zo da ruwa daga gidansu ba, ruwan yana nan tun da. Wanda kuwa ya ɗebo ruwan kududdufi ya zuba a ciki ya ce ya gyara, wannan ba yasa ya yi ba, ƙaga ya yi, ita ce bidi'a ko da an yi mata ado.

Inda nake so mu daɗe shi ne wani babi na fiƙihu da ɗalibai suke tsallakewa, babin ihya'ul mawati, raya matacciyar ƙasa. Hadisi ya zo cewa wanda ya raya ƙasar da ba ta kowa ba, ta zama tasa. Sai malamanmu na Malikiyya, kamar yadda yake cikin Muhtasar na Halilu, suka tambaya: da me ake raya ta? Suka ce da fito da ruwa, ko gini, ko dasa itace, ko noma, ko sassabe, ko fasa duwatsu a baje wurin. Suka ce kewaye ta da shinge kawai ba rayawa ba ce. Ku sake karanta wannan. Tun da aka yi Jihar Jigawa a 1991, Dutse ta zama babban birni, kowa ya ga filayen da aka kafa wa bulo huɗu aka tafi, ciyawa da macizai suna gadi. Mai filin yana da takarda, amma ƙasar matacciya ce. Shi kuwa tsohon da ya dasa dabino a gindin duwatsun nan, ya yi ta ban-ruwa shekaru kafin ya ga 'ya'ya, har yau jikokinsa suna kai kaya kasuwar Shuwarin, shi ne ya raya.

To, samari, da yawanmu shinge muka yi wa Sunna. Mun kafa allo a ƙofar masallaci, mun sa wa ƙungiya suna, mun iya gardama a majalisa har dare ya raba, sallar Asuba kuwa sahu ɗaya ba ya cika, shi ma rabinsa tsofaffin nan ne da muke cewa ba su waye ba. Ni kaina ban fita daga wannan zargi ba.

In kana neman matacciyar ƙasa, ba sai ka je nesa ba. Gonar da mahaifinku ya bari, an ba ƙannenka mata rabonsu kamar yadda Suratun Nisa'i ta yanka, ko kuwa an ce mace ba ta cin gadon gona? Mudun da kake saye da shi, shi ne wanda kake sayarwa da shi? Matarka ta iya Fatiha da hukuncin wankan tsarki? Shehu a cikin Nurul Albabi ya zargi malaman zamaninsa da suke karantar da almajirai a waje, suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, kuma 'yarsa Nana Asma'u ta tashi ta karantar da mata har ƙauyuka ta hanyar 'Yan Taru.

Saura sharaɗi guda. Malikiyya sun ce ƙasar da take kusa da gari ba a raya ta sai da izinin shugaba, don kada a shiga haƙƙin mutane. Mu ɗauki darasi. Abin da ya shafi kanka da ɗakinka, fara yau, ba ka jiran kowa. Abin da ya shafi jama'a, kamar rabon gadon nan, kada ka tashi da zafin kai ka yi wa baffanka tsawa a gaban 'ya'yansa. Je ka wurin malamin da ya san lissafin gado, ka rubuto rabon kowa a takarda, ka sami baffan shi kaɗai bayan Isha'i, ka durƙusa ka gaishe shi, sa'an nan ka ce, "Baffa, ga abin da malam ya ce game da gonar marigayi."