Sirrin Haruffa: Yadda Ibn Jinni da Jurjani Suka Kalli Ginin Magana

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugaban Halitta, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka: shin harafi yana ɗauke da wani ƙamshi na ma'ana tun kafin a ƙulla shi cikin kalma, ko kuwa sauti ne kawai da mutane suka yi ittifaƙi a kansa? Cikin malaman da suka zurfafa a wannan tambaya akwai Abul Fatahi Usman Ibn Jinni, mutumin Mausil, almajirin Abu Aliyyil Farisi, wanda ya rasu a Bagadaza a shekara ta 392 bayan Hijira.

A littafinsa Al-Khasa'is ya kawo nazarin da ya kira ishtiƙaƙi babba. Ɗalibin sarfu ya san cewa kalmomin Larabci suna tsirowa daga tushe mai haruffa uku. Ibn Jinni ya ƙara taki ɗaya: ko an jujjuya haruffan nan ta fuskoki shida, ma'ana guda ce ke gudana a ƙarƙashinsu. Ya buga misali da kaf, lam da mim. Daga cikinsu ake samun kalm (rauni), kamula (ya cika), lakama (ya nausa) da malaka (ya mallaka). A ganinsa duk suna komawa ga ƙarfi da tsanani. Bahaushe ma ya ari ƴaƴan wannan gida: kalma, kamala, mulki.

Ya kuma lura cewa sautin harafi kan yi kama da aikin da yake nufi. Khadima cin abu mai taushi ne, kamar kankana. Ƙadima kuwa gurgurar busasshe ne. Harafi mai laushi ya tafi ga mai laushi, mai tauri ga mai tauri.

Sai dai kalmomi a warwatse ba su zama zance ba. A nan Abdulƙahir Al-Jurjani, malamin ƙarni na biyar na Hijira, ya shigo da nazarin nazmu a littafinsa Dala'ilul I'ijaz. A wurinsa, kalma ita kaɗai ba ta da fifiko a kan ƴar'uwarta; darajarta tana bayyana ne a gurbin da aka ajiye ta. Ma'anoni su ke fara jeruwa a cikin rai, sa'an nan lafuzza su bi sahunsu a kan harshe. Wanda aka ce wa "Ka gina ɗakin?" ana tambayarsa aikin ne. Wanda aka ce wa "Kai ne ka gina ɗakin?" an san an yi gini, magini ake nema. Ta wannan ƙofa Jurjani ya bayyana gagarar Alƙur'ani: haruffa da kalmomin Larabawa ne, amma jerin ya fi ƙarfinsu.

Akwai ladabi biyu ga muridi a cikin wannan darasi. Na farko, kiyaye mafitar haruffa da jerin kalmomi a tilawa da zikiri, domin musanya harafi guda na iya kai ma'ana wani gari: ƙalb zuciya ce, kalb kuwa kare. Na biyu, sanin iyakar hasashe. Ibn Jinni da kansa ya yarda cewa ƙa'idarsa ba ta game dukkan lugga ba, Imam Suyuɗi kuma ya nuna ba a dogara da ita wajen tabbatar da asalin kalma. Saboda haka wanda ya ji an jujjuya haruffan wata kalma an fito da sirri, sai ya karɓe shi a matsayin ishara mai daɗin tunani, kada ya gina hukunci ko aƙida a kanta.

Allah Ya daidaita harsuna da zukata. Wallahu a'alamu.